Murucin da Na Ci a Kwatarniya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba tare da turaku ba, ya ɗaga sama ba tare da ginshiƙi ba, ya raba wa kowace al'umma harshenta da halinta da rabonta na hankali. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Arzika, mutumin Tudun Gawo, garin da yau ko kufansa ba a gani. Duk wanda ya ga farin tabon nan da ya zagaye wuyan hannuna sai ya tambaye ni ko ƙuna ce. Mai son amsa ya gyara zama, don tana da ɗan tsawo.

'Ya'yan sarki biyu ne suka cinye garinmu. Uban ya rasu, wan ya ce gadon nasa ne, ƙanen ya ce shi ma ai ba a bola aka tsinto shi ba. Kowa ya ja nasa dakarun, alƙali ya tsaya yana leƙen wanda takobinsa ya fi tsawo. Kafin damina ta zagayo, gidan da aka haife ni ya zama toka. Ran nan na rantse ba zan sake kafa ko bukka ba sai a ƙasar da na ga an sa wa mulki linzami. Mutane suka ce, "Nomau, ashe a hanya za ka mutu." Na ce to, hanyar ma ai ƙasar Allah ce, na saɓa sandata.

Na ga abubuwa. Na shiga wata ƙasa da kogunanta ke gudu suna hawa tudu, mutanenta kuwa su naɗa sarki da safe su tuɓe shi da la'asar, har aka rasa mai noma don kowa na can yana wankin rawani. Na shiga wani birni da alƙalinsa ma'auni ne na tagulla mai magana da muryar mutum. Na ce alhamdu lillahi, na iso. Ban daɗe ba na ga masu ƙara suna zagayawa ta bayansa da 'yar kwalbar mai, wanda ya fi shafa masa shi yake rinjaya wa. Na tofar da yawu na yi gaba.

Tsautsayi, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa, shi ya kai ni Birnin Tama, mai ganuwar ƙarfe zalla. Sarkinsu Kangarau shi ne sarki, shi ne alƙali, shi ne sarkin yaƙi, da ya ga dama da shi ne ladan. Ya ji an ce matafiyi ya sauka, ya sa aka kai ni fada.

Ya ce, "Kai baƙo, duk yawonka, ka taɓa ganin sarkin da talakawa ke yi wa addu'a kamar ni?"

Tun ina yaro uwata ke ja mini kunne cewa baki shi ke yanka wuya, amma ban ji ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa gani ba. Ko'ina da baki ake yi, nan ne kaɗai na ga ana yi haƙora na kaɗawa."

Wani bafade ya danne dariya, ta kufce masa ta hanci, kuma wannan dariyar ita ta ja mini. Kangarau ya miƙe ya kama gemunsa, ya rantse a gaban jama'a cewa almakashi ba zai sake taɓa shi ba sai ya ga an rufe ni da rai a cikin ganuwa.

Aka jefa ni wani ɗakin ajiya kafin maƙera su hura wuta. Allah ya sa akwai tandu cike da man shanu a ciki. Na tuɓe riga na shafe jikina tun daga ƙeya har diddige. Da dogarai suka buɗe ƙofa, na farko ya cafki hannuna na sulɓe, na biyu ya kawo runguma ya rungumi iska, na uku ya taka inda na taka, ya zame ya kwashe ƙafafun sauran. Na faɗa magudanar ruwa ta ƙarƙashin ganuwa na ɓulla a fako. A can akwai jiminu masu tsayin raƙumi biyu. Na yi birgima cikin yashi tukuna, don kada abin da ya cece ni ya kayar da ni, sannan na ɗare wuyan ɗaya. Ta kwashe ni da gudu har wasu duwatsu suka bayyana, ta gaji da ni, ta watsar.

Na ɗaga kai na ga duwatsun sun yi da'ira sun rufe wata ƙasa a tsakiyarsu, ba mashiga sai wani tsagi guda wanda jakai biyu masu kaya ba za su gifta juna a cikinsa ba. A gaban tsagin giginyu ne sahu-sahu, dogaye da gajeru, manyan kowacce da amya a rataye. Yunwa kuwa ta riga ta ɗaure mini ciki. A ƙarshen sahu na ga ɗan wuri an kewaye shi da fararen duwatsu, ƙasarsa a jiƙe, wani tsiro ya leƙo. Ɗan ƙauye ba a nuna masa muruci. A garinmu abin da yara ke haƙa ne, ba mai tambayar na wane ne. Na sa hannu na tone shi, ban ko jira wuta ba, na ɓare na cinye ɗanye.

Ina cikin lasar baki na ji tulu ya fashe a bayana. Wata dattijuwa ce siririya, ruwan da ta ɗauko yana bin ƙafafunta. Ko kallona ba ta yi ba, ramin take kallo. Ta durƙusa ta tattara ɓawon da na zubar ta riƙe a ƙirji, ta yi wani irin kuka mara hawaye wanda har yau in na tuna shi sai abinci ya fita kaina.

Kukan ya fito da masu tsaron tsagin. Babbansu wani dogo ne mai furfura a saje, Makau, wanda suke kira Uban Garkuwa. Na kare kaina da hannu ina jiran sanda. Shi kuwa dattijuwar ya fuskanta.

Ya ce, "Inna Hakama, kina ƙara?"

Ta ce, "Ina ƙara."

Ya zaro wata igiyar kaba daga ɗamararsa, ya zagaya ta a wuyan hannuna, ya ƙulle, ya sake ni.

Na ce, "Ɗaya bakin fa, a ina za a ɗaure shi?"

Ya ce, "Ba a ɗaure shi ko'ina. Daga yanzu kana inuwar shari'a. Ba ka fita ƙasar nan, ba mai fitar da kai, ba mai taɓa ka ko da tsinke, sai an gama maganarka. Sarki ma bai isa ba."

"In na kwance na gudu fa?"

"Ka bar inuwa ke nan ka shiga rana. Wanda ya fara samunka, nasa ne."

Muna tafe cikin tsagin, wanda suke kira Maƙogwaro, ya gaya mini abin da na ci. A ƙasar nan, duk wanda ya faɗi wajen tsaron Maƙogwaro, uwarsa ke shuka masa giginya da hannunta, ta yi mata ban ruwa har ta kama. Sahun nan da na gani duk mutane ne. Nawa murucin na ɗan Inna Hakama ne tilo, wanda 'yan fashi suka harbe bara, ya bar mata 'yar jinjira mai suna Yalwa. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Muka ɓulla cikin ƙasar, sunanta Kwatarniya, kuma sunan ya bi ta, don ƙarama ce mai zurfi, mai ƙafa zai iya ratsa ta bai yi zango ba. Na tambayi ina fada. Makau ya nuna mini wani gida da bai fi na maƙwabta ba sai da tsayin zaure. Ya ga na yi sakato, ya yi dariya.

Ya ce, "Baƙo, ƙasarmu tukunya ce a kan murhu. Dutse ɗaya Zauren Shawara, ɗaya Zauren Shari'a, ɗaya mu 'yan Garkuwa. Sarki muciya ke hannunsa. Yana tuƙawa, yana ɗanɗanawa, yana faɗin in gishiri ya yi yawa, amma bai isa ya janye dutse ko ɗaya ba."

Na baza kunne, don abin da na baro gida nema ke nan. Ya ce duk mutanen da ke shan rijiya ɗaya su ke zaɓen wakili ɗaya su tura Zauren Shawara, mace ko namiji, wanda dai suka ga maganarsa ba ta canzawa tsakanin safe da yamma. Zauren nan shi ke yin doka, shi ke rabon ruwa da hatsin rumbun ƙasa, da tsakuwa fara da baƙa suke yanke magana, sarki ya sa hatimi. Magajin sarki kuma tun sarki na da rai ake tsayar da shi a gaban kowa, kuma ɗan sarki ba ya riƙe ko kwari ɗaya, balle ya ce yana da dakaru. Da na ji wannan na tuna Tudun Gawo, idanuna suka ciko.

Shari'a kuwa hawa-hawa ce. Ƙaramar magana dattawan bakin rijiya ke kashe ta. Wanda bai gamsu ba ya tafi wajen alƙalin kasuwa, in ta fi ƙarfin nan a hau Babban Zaure. Sarki ke naɗa alƙali daga sunayen da Zauren Shawara ya miƙa masa, amma in ya naɗa shi ke nan, ba ya iya tuɓe shi. Ranar naɗin ana rataya wa alƙali gorar ruwa a kafaɗa. Daga ran nan ba ya cin abincin gidan kowa, ba ya shan ruwan kowa, ko da na surukarsa ne, har ya mutu.

Dattawan rijiya suka ce maganata ta taɓa giginyar mamaci, ta fi bakinsu, aka wuce da ni Babban Zaure gaban Alƙali Cindo, wani ɗan tsoho mai ƙaramar murya, gorarsa a gefe. Tabarma ɗaya aka shimfiɗa mana ni da Inna Hakama. Na amsa laifina nan take, don hankalina na kan hanya. Na san mutanen Kangarau na bin sawuna, so nake a gama in ƙara gaba. A dokarsu kuwa, in mai ƙara ya yafe, magana ta mutu, a yanke igiya.

Na ce, "Inna, don Allah ki yafe mini. Yunwa ce da rashin sani."

Ta ce, "Yunwarka ta wuce, ɗana fa? Ban yafe ba."

Alƙali bai kai ga yanke hukunci ba aka busa ƙaho daga Maƙogwaro. Manzon Kangarau ne ya iso, rundunar ƙarfe na biye da shi. Saƙonsa gajere ne: a miƙo baƙon nan, ko a fasa Kwatarniya a yi kasko da ita.

Zauren Shawara ya zauna, aka bar ni na saurara daga bakin ƙofa. Ban ji wanda ya zage ni ba. Wata wakiliya ta tashi ta ce, "Jama'a, ni na binne ƙane, waccan ta binne miji. Giginyu nawa za mu ƙara shukawa saboda mutumin da jiya-jiya ya zo, kuma da ɓarna ya fara?" Wallahi da ina da tsakuwa a hannu, ban san inda zan jefa ta ba. Aka zazzage ƙwarya, masu cewa a miƙa ni suka rinjaya.

Sarki Anaruwa ya sa aka kira ni. Mutum ne matsakaici mai kaushin hannu, ya ba ni wuri kusa da shi.

Ya ce, "Nomau, ba zan ɓoye maka ba, raina bai so ba. Na faɗa musu haka, sun ji, sun yanke nasu. Hatimi zan sa."

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ai kai ne sarki."

Ya ce, "Ni ne. In na take maganarsu yau don na ji tausayinka, gobe zan take ta don na ji haushin wani. Kai ai daga inda ake haka ka gudo."

Ya danna hatimi ina kallo. Aka kira manzon Kangarau, ya shigo yana taƙama, ya miƙo hannu zai cafke ni. Sai muka ji 'yar ƙaramar muryar nan daga bakin zaure.

"A dubi hannunsa tukuna."

Alƙali Cindo ne, gorarsa a kafaɗa. Ya gaida sarki yadda ya kamata, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da Zauren Shawara ya yanke daidai ne, hatiminka ma daidai ne. Amma mutumin nan yana inuwa. Sai an yanke igiya."

Sarki ya dubi igiyar, ya dubi manzo, ya ce, "Ka ji. Sai an yanke igiya." Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa, amma ba zan ba da shaida a kai ba.

Nan fa gari ya koma kan Inna Hakama. Wakilai suka yi ta sintiri gidanta. "Inna, kalma ɗaya ce. Ki ce kin yafe, a yanke igiya, a miƙa shi, kowa ya huta." Manzon Kangarau ya aika mata da raƙuma niƙi-niƙi da kaya, ta sa aka juya su tun daga bakin ƙofa. Ni da na roƙe ta yafiya da hawaye, yanzu ba abin da nake tsoro a duniya kamar ta ce ta yafe. Aka koma Babban Zaure, gari duka ya cika, alƙali ya sake tambayarta.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ɗana ya mutu yana tsaron ƙofar nan, wannan ɓarawon murucin ya zo ya cinye mini shi ɗanye. Sai in yafe don wani mai gemu ya yi tsawa? Ban yafe ba. A bi mini hakkina."

Alƙali ya ce, "To, wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Nomau zai shuka wata giginyar a ramin da ya tona, ya yi mata ban ruwa da hannunsa, har ta haihu, ɗanta ya faɗo da kansa, ya kawo shi zauren nan. Ranar ce ƙarshen shari'a. In ya yi sakaci da ita da gangan, a yanke igiyar nan take."

Manzon Kangarau ya daka tsalle. "Giginya? Yaushe giginya za ta haihu?"

"Wannan ita za ka tambaya."

"In ta fito namiji fa?"

Alƙali ya ce, "Sai ya shuka wata."

Manzo ya fita yana kumfar baki, rundunar ƙarfe ta matso. A nan na ga abin da ya fi ba ni mamaki. Kwatarniya ba ta da sojan da ke zaune yana jiran yaƙi, sai 'yan tsirarun da ke Maƙogwaro. Amma duk wanda ya balaga sai ya yi rani guda a hannun Uban Garkuwa, kowa ya san rukuninsa da mazauninsa. Makamai kuwa suna cikin wani babban rumbu da aka ɗaure ƙofarsa da ƙulli uku. Sarki ke kwance na farko, shugaban Zauren Shawara na biyu, alƙali na uku, shi ma sai ya tabbatar tsaron gida za a yi, don sojansu ba ya ƙetare sahun giginyu ya bi kowa.

Na ce a raina ƙulli na biyu ba zai kwantu ba, tunda su suka ce a miƙa ni. Zauren ya zauna a gaggauce. Wakiliyar nan da ta yi maganar binne ƙane ita ta fara tashi. Ta ce, "Na ce a ba da shi, har yanzu ina kan bakana. Amma ban ce a shigo a ƙwace shi da igiya a hannu ba. In aka ƙwaci wannan yau, gobe ɗana ne." Ta jefa tsakuwarta, sauran suka bi. Aka kwance ƙulli uku, aka buga ganga, manomi ya ajiye fartanya, mai tuwo ta sauke tukunya, kafin hantsi ya dubi ludayi kowa na mazauninsa.

Rukuni uku ne. 'Yan baka suka hau kan duwatsu. 'Yan ruwa suka tsaya a madatsar da ke saman Maƙogwaro. 'Yan zuma kuwa, yawancinsu mata, suka laɓe a gindin giginyu da 'yan sarewarsu. Mayaƙan Kangarau suka danno cikin sulke, ba abin da ake gani sai idanu. Makau ya bari sai da suka shiga tsakiyar sahu, ya ɗaga garkuwa. Aka busa sarewa. Ƙudan zuman ƙasar nan kowanne ya kai babban yatsa, kuma sun san muryar sarewa kamar yadda tumaki suka san makiyayi. Suka fito har rana ta dusashe, suka bi ta ramukan ido suka shige cikin sulke. Jama'a, ban taɓa ganin ƙato na rawa da ƙarfe a jiki ba sai ran nan. Waɗanda suka kutsa cikin tsagin aka sakar musu ruwa, ya kwashe su ya mayar da su inda suka fito. 'Yan baka ba su ko ɓata kibau da yawa ba. Duk da haka an rasa mutane, kuma a daminar nan na ga uwaye suna shuka a ƙarshen sahu. Ban iya haɗa ido da su ba.

Kangarau ya ga ba riba, kuma rantsuwa na wuyansa, sai aka yi sulhu. Sharaɗin shi ne hukuncin Zauren Shawara na nan bai ruɓe ba: ranar da aka yanke igiyata, a miƙa ni a bakin Maƙogwaro. Ya kafa wa mutanensa sansani a can nesa da giginyu, suna jira.

Haka na zama mai yi wa ajalina ban ruwa. Na shuka ƙwallon giginya, ya tsiro. Duk safiya in ɗauki tulu, Inna Hakama na biye da ni da bakinta. "Ɓarawon muruci, haka ake zuba ruwa a garinku? Shi ya sa ya zama kufai." In na makara ta aiko Yalwa ta buga mini ƙofa. In zazzaɓi ya kayar da ni ta zo da kunu mai zafi ta dangwarar, ta ce, "Sha ka tashi, ba ka isa ka mutu da hakkina a wuyanka ba." Duk kaka in je Babban Zaure a ɗaura mini sabuwar igiya kafin a cire tsohuwa. Na yi gona, na yi bukka, bukka ta zama gida. Na yi ranina a hannun Makau aka sa ni cikin 'yan ruwa. Yalwa ta tashi tana kirana Kawu. Matafiya kuwa suna kawo labari cewa gemun Kangarau ya kai cibiya, daga baya suka ce ya kai gwiwa, har an sa masa bawa mai ɗauke shi.

Na san ƙin yafiyarta shi ke riƙe da raina, amma ban taɓa ganin alamar don ni take yi ba. Duk lokacin da ta dubi giginyar nan, ɗanta take gani, in ta juyo kaina fuskarta ta ɗaure. Abin yana cina, don na riga na ɗauke ta uwa.

Giginya ta wuce tsayina, ta wuce tsayin ɗaki, ba ta haihu ba, sai ciwo ya kwantar da Inna Hakama. Wata la'asar Yalwa, wadda ta zama budurwa, ta zo da gudu ta ce in zo. Na tarar da maƙwabta a zagaye, ana yafe wa juna kamar yadda aka saba. Ta yafe wa kowa, kowa ya yafe mata. Na durƙusa a gefen gadon.

Na ce, "Inna, na san abin da kalmar nan za ta ja mini. Na yarda. Gara Kangarau ya rufe ni a ganuwa da in tashi gaban Allah da hakkinki. Ki yafe mini."

Ta buɗe ido da ƙyar, ta dubi igiyar hannuna, ta dubi mutanen da ke ɗakin.

Ta ce, "Ku shaida, ban yafe ba. Ƙarata na bar wa Yalwa gado. Kai kuma tashi, ka yi ban ruwan yamma?"

Na fita na ɗauki tulu, ina tafe ina kuka kamar yaro. Kafin in dawo ta cika. Wannan baƙin cikin na daɗe ina ɗauke da shi, ya fi mini tsoron Kangarau nauyi.

Shekaru suka ja. Makau ya ajiye garkuwa, Alƙali Cindo ya rasu aka rataya wa wani gora, Sarki Anaruwa ya rasu magajinsa ya hau gado, ko kaza ba ta yi ƙara ba. Wata rana aka wayi gari sansanin nan ba kowa. Kangarau ya mutu da gemunsa, 'ya'yansa sun kama cin juna, kowa ya janye dakarunsa. Zauren Shawara ya zauna ya kwance hukuncinsa da tsakuwa, yadda ya ƙulla shi, sabon sarki ya sa hatimi. Amma igiya tana nan, don ita ba ruwanta da Kangarau.

Giginyata mace ce. Furfura ta gama cin kaina ranar da na je ban ruwa na tarar da ɗanta guda a ƙasa, ja, ƙamshinsa ya cika wurin. Na ɗauke shi da hannu biyu na kai Babban Zaure. Aka shimfiɗa tabarma ɗaya, na zauna, Yalwa ta zauna da goyonta a baya. Na ajiye mata shi a gaba.

Alƙali ya ce, "Yalwa, kin karɓa?"

Ta ce, "Na karɓa, Allah gafarta Malam."

Ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Fatar wurin fara fat, ba ta taɓa ganin rana ba, kuma har yau ba ta koma ba. Ya ce, "Nomau, ka fita inuwa. Hanya a buɗe take, gabas da yamma." Na yunƙura zan tashi, Yalwa ta riƙe mini bakin riga.

Ta ce, "Kawu, dakata, akwai saƙo. Ranar da Inna za ta rasu, da ka fita da tulu, ta jawo ni ta raɗa mini magana, ta ce kada in faɗa sai an yanke igiya. Ta ce in gaya wa ɓarawon muruci, tun ranar da raƙuman mai gemu suka tsaya a ƙofar gidanta ta yafe masa, duniya da lahira. Ta ce kai ma ka yafe mata bakinta, wai ta rasa wata igiyar da za ta riƙe ka da ita."

Ban san lokacin da na koma kan tabarmar ba. Alƙali ya kawar da kai, ya ɗauki gorarsa kamar zai sha ruwa, bai sha ba.

Gabas da yamma duk ban bi ba. Da gari ya waye na ɗauki tulu kamar kullum, na nufi ƙarshen sahu. Giginyar ba ta bukatar ruwana, saiwarta ta daɗe da kaiwa inda take so. Na zuba mata dai, a hankali, ta gefe, yadda Inna ke so a zuba. Nan labarin tabon ya tsaya, godiya ta tabbata ga Mai inuwar da ba ta gushewa.